Rumbun Da Ya Yi Shiru

"Ki faɗa mashi da bakinki, ko ni in fita in faɗa mashi da nawa."

Sakina ba ta ɗago kai ba. Tana zaune bakin gado da fararen kayan aikinta na asibiti, ko takalmi ba ta cire ba. Mama na tsaye a ƙofar ɗaki, ta riƙe labule da hannu ɗaya.

"Mama, yau fa zai zo. Ku bari mu ji abin da ya zo da shi."

"Mun ji na bara, mun ji na bara waccan. Kullum saura kaɗan. Ke wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa? Dubi ƙanwarki."

Fauziyya na kwance a ɗaya gadon, ta juya fuska ga bango. A gefenta akwatunan lefenta ne jere, an lulluɓe su da tsohon zane. Tun damina suke nan. Mahaifinsu Malam Labaran, wanda ya yi ritaya daga sakatariyar ƙaramar hukuma a nan Kankia, ya faɗa gaban 'yan'uwansa cewa ba ya aurar da ƙanwa ya bar yaya a gida. Rana ɗaya zai ɗaura masu, kafin azumi. Abin da ya fita bakinsa gaban mutane kuwa ba ya komawa.

"Ni ban ce komai ba, Yaya," in ji Fauziyya.

Gara ma a ce ta yi magana. Sakina ta miƙe ta ɗauki hijabinta.

Jafaru, mai neman auren Sakina, ɗan Dudunni ne, can ƙasar Kusada. Maraya ne, shi da mahaifiyarsa kaɗai a gida. Ya yi digiri a injiniyancin lantarki da kwamfuta, amma har yau aikinsa bai wuce gyaran inbata da haɗa wa mutane sola ba. Wata kwalejin fasaha ta yi mashi alkawarin aikin koyarwa in ya kawo digiri na biyu. A kan wannan Malam Labaran ya kafa sharaɗinsa tun zuwan farko.

"Ba na ba da ɗiyata ga ɗalibi. Ranar da ka kawo takarda, ranar zan sa maka rana."

Da Jafaru ya gama kwasa-kwasai ya ci jarrabawa da makin da ake buƙata, har waina aka yi a Dudunni. Ya yi ta bayani cewa saura aikin bincike kawai. Kowa kalmar "kawai" ya riƙe, har da Malam Labaran.

Ana idar da sallar la'asar ɗan acaɓa ya sauke Jafaru. Sakina ta shimfiɗa mashi darduma a zaure, ta ajiye ruwa. Tun daga sallamarsa gabanta ya faɗi. Kullum in ya zo sai ya tsokane ta, "Sista, yau allura nawa aka yi wa bayin Allah?" Yau kuwa ya zauna ya zuba wa kofin ruwan ido.

"Yaya Jafaru, lafiya? Ya Inna?"

"Inna lafiya lau."

"To mi ya faru?"

Ya buɗe jakarsa ya fiddo wani ɗan akwatin roba mai wayoyi biyu, ya ajiye a tsakaninsu. Ta san shi. Ita ma ta taɓa riƙe mashi fitila yana liƙa ƙananan kayan cikinsa. Na'ura ce mai kunne. Ana cusa ta cikin wake a rumbu, tana sauraron motsin ƙwari tun suna cikin ƙwaya, tun ido bai gan su ba, sai ta turo wa manomi saƙo a waya. Ranar da ya fara nuna mata, ya sa ta kanga kunne jikin wata kwalbar wake. Ta ji wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana tauna a nesa. Ta yi ta dariya, ta ce ashe da ƙwari za a biya sadakinta.

"Ta lalace ne?" ta tambaya.

"Lafiyarta ƙalau. Da ma ita ce ta lalace, Sakina."

Ya juya akwatin da yatsa. Ba ta katse shi ba.

"Kin tuna na ce maki ba ta turo komai? Da farko ban damu ba, sabon wake ba ya motsi. Sanyi ya wuce, zafi ya fara, lokacin da ya kamata rumbu ya cika da ƙara, shiru. Na ce ko kunnen ne ya mutu. Na koma ɗakin gwaji na haɗa sabo, na sake rubuta manhajar daga farko, ban bar inda ban duba ba. Jiya na tafi gida in canza ta."

"Sai me?"

"Ina ɗaga murfin rumbun, wari ya buge ni. Barkono, da toka, da ƙwayar maganin nan ta kasuwa."

Sakina ta dafe ƙirji.

Rumbu ɗaya ne rak ya samu. Manoman da ya roƙa a Dudunni da garin Ƙofa duk sun yi mashi dariya, wa zai ba da wakensa a bar wa ƙwari da gangan? Sai ya zuba na gonar mahaifinsa a rumbun gidansu. Ya zaunar da Inna ya yi mata bayani, kada a sa magani, kada a buɗe. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya yi albarka.

"Na sauko daga tsani na same ta tana tankaɗe," in ji Jafaru. Ya kwaikwayi muryarta a hankali, da sunan da take kiransa, don ba ta faɗin sunan ɗan fari. "'Babba, ka gani ko? Ko ƙwaro guda babu. Ina zaune da idona ƙwari su cinye waken bikinka? Tun ranar da ka koma makaranta na sa kawunka Gajere ya sawo mani ƙwaya, muka jefa. Na'urarka kuwa ban taɓa ta ba. Kullum da safe sai na goge mata faifan nan na rana, kada ta ji yunwa.'"

Ya kai hannu ya rufe idanunsa.

"Murna take, Sakina. Tana jira in gode mata."

"Ka faɗa mata?"

"Na ce sannu da ƙoƙari, Inna. Mi zan ce?"

Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen hijabi, ta gyara zama da sauri.

"To ai ba a rasa wake mai ƙwari ba. Gobe mu shiga kasuwa, buhu nawa kake so? Har kyauta za su ba ka."

Ya girgiza kai.

"Ba jin ƙwari ne aikin ba. Wanda ya riga ya huje, ko yaro ya gani. Abin da na tsaya gaban malamai a semina ta farko na ce zan nuna shi ne tana ji tun kafin a gani. Dole a bi waken tun yana sabo, daga kaka har zafi, rana bayan rana. Da wannan sakamakon zan yi semina ta biyu. Da shi zan rubuta maƙalar da sai an buga ta a mujallar masana kafin a karɓi kundina. Sai an karɓi kundin za a kira malami daga wata jami'a ya zo ya yi mani tambayoyi. Kowane yana jiran na gabansa. Na farkon ne babu."

"Sai a jira wata kakar."

"Wa'adina zai cika ƙarshen wannan zangon."

"A roƙe su su ƙara."

"Sun ƙara sau ɗaya, lokacin jinyar Inna. Sau ɗaya doka ta yarda."

"Malaminka fa? Dakta Okon? Ka ce yana sonka kamar ɗansa."

"Na kira shi tun ina tsaye gindin rumbun. Ya ce zai rubuta, zai shiga ofis-ofis da ƙafarsa, amma kada in sa rai. In wa'adi ya cika, sunan mutum fita yake. Sai dai in sake neman shiga, in sake zama aji, kamar ban taɓa yi ba."

"Har kwasa-kwasan da ka ci?"

"Har su."

Sakina ta dubi ƙofar cikin gida. Labulen zauren ya ɗan motsa, ta san Mama na kusa. Ta matso, ta rage murya har da ƙyar ake ji.

"Yaya Jafaru, sautin nan na kwalba, wanda ka sa na saurara. Yana cikin kwamfutarka ko?"

"Yana nan."

"Wa ya san daga kwalba ya fito ko daga rumbu? Na'urarka na aiki, ni shaida ce, da kunnena na ji. Ba ƙarya za ka yi a kanta ba. Kwanan wata ne kawai za ka..."

"Sakina."

"Wallahi ba wanda zai sani! Wa zai taso daga jami'a ya zo Dudunni ya leƙa rumbu?"

"Jiya ban tashi daga gaban kwamfutar ba ina wannan tunanin," ya ce. "Har na buɗe. Sai na ga kaina na shigo zauren nan na miƙa wa Baba takardar, ya karɓa da hannu biyu ya sa mani albarka. Na kasa. Kuma ban sani ba, Sakina. A kwalba tana ji. A rumbu, da kaji, da iska, da dakan maƙwabta, ban sani ba ko tana ji. Abin da za a gwada ke nan."

Ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka.

"Ka yafe mani. Ni kaina ban san ina iya faɗin wannan ba. Na gaji ne. In na shiga ɗaki Fauziyya ta juya mani baya. In na fito Mama. A asibiti ma har masu shara tambayata suke, Sista yaushe za mu ci shinkafa? Ni mi na yi? Kai mi ka yi? Inna ma mi ta yi?"

"Ba wanda ya yi komai."

"To don me?"

Ya miƙa hannu kamar zai taɓa gefen hijabinta, ya janye.

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama da murya mai daɗi, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Bishir ne, mai babban shagon kayan sola a bakin titi. Tun bara ya aiko magabatansa neman auren Sakina, Malam Labaran ya ce akwai magana a gaba. Bai yi fushi ba, bai kuma janye ba. Shi ya sa wa gidan fitilu, in batir ya yi rauni shi ke zuwa da kansa.

"A'a, Injiniya! Manyan masana. Yaushe a gari?" Ya miƙa wa Jafaru hannu biyu. "Har yanzu ana ta fama da boko? Allah ya sa a gama lafiya. Af, akwai wani aiki a Ƙofa, famfon sola na wani Alhaji. In ka samu sarari ka biyo shago, yarana ba su iya irin haɗinka ba."

"Na gode, Alhaji."

"Haba, ai yi wa kai ne." Ya dubi Sakina, ya ga idanunta, ya sauke murya. "Ranki ya daɗe, batir na zo dubawa. Amma na ga kamar ba lokaci ba ne. Na dawo."

Ya fita a hankali. Rashin faɗansa ya fi komai ƙona mata rai. Da mugu ne da ta san yadda za ta ƙi shi.

Ba a jima ba Malam Labaran ya dawo daga majalisarsu ta ƙofar masallaci, carbi a hannu. Sakina ta tashi ta shige, amma ba ta wuce bayan labule ba. Jafaru ya sauka daga darduma ya durƙusa.

"Baba, barka da yamma."

"Barka kadai, Jafaru. Ya mahaifiyar taka? Zauna, zauna."

Bai zauna ba. A durƙushe ya faɗi komai, tun daga rumbu har wa'adi, bai rage ba bai ƙara ba. Malam Labaran ya saurara har ƙarshe, yana jan carbi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Inna da goge faifan rana, sai da ya runtse ido.

"Allah sarki, baiwar Allah," ya ce. "Jafaru, ni ban san semina ba, ban san mujalla ba. A zamaninmu in ka ci jarrabawa ka gama. Tambaya ɗaya zan yi maka. Kafin azumi akwai takarda?"

"Babu, Baba."

"Bayan salla?"

"Babu."

"Baɗi?"

Jafaru ya sunkuyar da kai.

"In sun sake ɗaukata, Baba, sai na sake shekarun daga farko."

Sakina ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Ta zube a gaban mahaifinta.

"Baba, don Allah a ɗaura na Fauziyya. Ni na yafe, wallahi na yafe. Zan jira. Ina da aikina, ba zan ɗora wa kowa nauyi ba. Ko kuma a ɗaura haka nan, ai yana da sana'a, ni ma ina da albashi..."

"Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, haka yake kiranta in zai faɗi abu mai nauyi. "Na taɓa yi maki dole?"

"A'a, Baba."

"Yau ma ba zan yi ba. Ba zan ce ki auri wane ba. Amma na tsaya gaban yayyena na faɗi magana biyu, ba na ba ɗalibi, ba na tsallake yaya. Mutanen Fauziyya sun turo har na fara jin kunyar haɗuwa da su a masallaci. In na warware ɗaya yau, gobe da wane baki zan yi magana a gidan nan?" Ya juya ga Jafaru. "Ka faɗa mani gaskiya alhali kana iya ɓoyewa. Na gani, kuma ba zan manta ba. Amma ka dakata da zuwa."

"Baba..." in ji Sakina.

"Ka dakata, Jafaru. Ka bar ta ta yi tunani ba tare da tana jin sallamarka ba."

"To, Baba. Na gode. Allah ya ƙara girma."

Ya miƙe da ƙyar kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya sa takalmi, ya rataya jaka. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba, sannan ya fita. Sai bayan ƙarar acaɓa ta ɓace Sakina ta ga ɗan akwatin robar nan a kan darduma. Ya manta da shi, ko ya bari, ba ta sani ba.

Washegari ba ta je aiki ba. Tana kwance da zazzaɓi, Fauziyya na zaune gefenta da kofin kunu, ita ma idanunta sun kumbura.

"Yaya, wallahi in kin ce in ce na fasa, zan ce."

"Ki fasa ki yi yaya? Mu zauna mu biyu muna kallon akwati?"

Da hantsi aka yi sallama a tsakar gida, murya mai ƙarfi ta mutumin ƙauye. Wani gajeren dattijo ne da hula ta sha rana, bayansa ɗan acaɓa na sauke buhu biyu.

"Ni ne Gajere, kawun Jafaru. Uwar ango ta aiko ni. Ta ce ga gudummawarta ta biki, a yi alala da ƙosai a ci a ƙoshi. Shi yaron tun asuba ya tahi makaranta, bai ko karya ba." Ya kwance bakin buhu ɗaya, ya ɗebo ya watsa a tafin hannunsa. "Hajiya, duba nan. Waken bana, ya kwana rumbu tun kaka, amma kamar jiya aka sussuke. Ni da ita muka tsare shi. Ki nemo mani huda guda in ba ki goro!"

Mama ta tsaya da ludayi a hannu. A karo na farko tun da aka fara maganar nan, Sakina ta ga idon mahaifiyarta ya kawo ruwa.

"An gode, Malam. A ce mata an gode. Fauziyya, kawo mashi ruwa."

Da ya tafi, Mama ta goge fuska da bakin zane, ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba.

"Mutanen Bishir sun aiko. Bayan sallar Juma'a za su zo wurin Babanku. Ya ce amsar na bakinki."

Ta shige madafa.

Sakina ta fito da ƙafa ba takalmi, ta durƙusa gaban buhun. Ta tura hannu ciki har gwiwar hannu, ta ɗebo. Fari tas, santsi, yana ƙamshin barkono. Ta juya ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta zubar, ta sake ɗebowa, ta sake.

"Yaya, mi kike nema?" in ji Fauziyya.

Sakina ta rungume buhun da hannu biyu, ta kanga kunnenta a jikinsa kamar yadda ya koya mata, ta riƙe numfashi.

Ta daɗe a haka.

Babu abin da ke motsi a ciki.